Bindigar Da Ta Dace Da Farautar Aladen Daji

A ƙasar Jamus aladen daji sun daɗe suna addabar manoma, domin sukan bi dare su tone gonakin masara da na dankali. Tun da cutar zazzaɓin aladu ta ɓulla a cikinsu a jihar Brandenburg cikin 2020, hukuma ta ƙara matsa wa maharba su rage yawansu. Amma fa ba da kowace bindiga aka yarda a tunkare su ba.

Dalili kuwa shi ne, ƙasurgumin namiji yakan wuce kilo 100, ga kuma fata mai kauri a kafaɗarsa kamar garkuwa. Ƙaramin harsashi rauni kurum zai yi masa, shi kuwa in ya ji ciwo sai ya juyo ya farke cinyar maharbi da haurensa. Saboda haka dokar farauta ta ƙasar ta hana harbinsa da harsashin da kaurinsa bai kai milimita 6.5 ba, ta kuma hana barbaɗin dalma irin na harbin tsuntsaye.

Maharba da yawa sukan zaɓi harsashin .308 Winchester ko .30-06. Masu shiga kurmi kuwa, inda ake yin kiciɓis da dabbar, sun fi son mai nauyi, watau 9.3x62, wanda Otto Bock ya ƙirƙiro a Berlin cikin 1905.

Mu ma a nan, wanda gadu ya dami gonarsa ya san ba a yi masa harbin gwaji. Sai ya fara neman lasin bindiga, sa'an nan ya tabbata harbin farko shi ne na ƙarshe.