Awon Mai da Iska a Cikin Injin Babur

Tun watan Janairu na 2013, sa'ad da gwamnatin Kano ta hana sana'ar acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero, mutane da dama sun zaci kwanan babur ya ƙare. Amma duk wanda ya san lungunan Mandawari da Yakasai da bayan Kasuwar Kurmi, inda mota ba ta shiga, A Daidaita Sahu ma sai da dabara, ya san cewa ɗan kasuwa da malamin makaranta da magidanci mai kai cefane ba su da abin hawan da ya fiye musu shi. Da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, sai kowa ya koma lissafin lita, har ya zama babu maganar da makaniken babur ya fi ji kamar, "Maigida, a taimaka a rage mini shan mai."

Wannan buƙata ba laifi ba ce, gama israfi abin ƙi ne, sai dai tana da haddi. Masana sun tabbatar da cewa fetur ba ya ƙonewa sarai a cikin inji sai ya gamu da iska mai nauyinsa sau 14.7. Idan mai ya rinjayi iska, babur zai yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi kunkunniya, kuɗi su bi salansa. Idan kuwa iska ce ta rinjaya, inji zai ɗauki zafi fiye da kima, fulogi ya yi fari fat, a wasu lokuta ma fistin ya huje. Na biyun ya fi muni ga injin da iska ke sanyaya shi, musamman a cunkoson Ƙofar Mata da tsakar ranar Afrilu, lokacin da babur ke rarrafe, babu iskar da ke kaɗa shi.

Tsohuwar hanyar cakuɗa mai da iska, wadda mafi yawan Jincheng da Boxer da roba-roban da ke gari suke kai har gobe, ita ce ta kafireta. Makanike ya sa sukudireba ya juya ƙusa, ya kasa kunne, ya ɗaga silo ko ya sauke, kuma lalle a cikinsu akwai gwanayen da kunnensu ya cancanci a jinjina masa. Illar kafireta ita ce ba ta san canjin yanayi ba: iskar hunturu mai sanyi ta fi ta bazara nauyi, saboda haka awon da aka yi a watan Disamba ba shi ne daidai ba idan zafi ya shigo.

Injin mai fesa fetur ne ya magance wannan illa. Kamfanin Kawasaki na Japan ya fitar da babur irin wannan a 1980, amma ya daɗe yana abin masu hali, har sai da dokokin hana gurɓata iska suka tsananta, Sin a 2019, Indiya kuma a watan Afrilu na 2020, aka shiga sa shi a ƙananan babura. To, tun da daga ƙasashen nan biyu baburanmu suke zuwa, mai hankali ya san inda aka dosa, ko da yake waɗanda ake aiko wa Afirka galibi masu kafireta ne tukuna.

A wannan tsari famfo ne a cikin tanki yake turo mai da ƙarfi zuwa nozil, ƙwaƙwalwar lantarki kuma ita ke hukunta tsawon lokacin da nozil zai buɗe, bayan ta ji labarin buɗewar totur, da zafin inji, da zafin iska da matsinta. Mai ba ta shaida ta ƙarshe ita ce wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a wuyan salansa, wato sensar iskar oksijin, wadda kamfanin Bosch na Jamus ya ƙera, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. Aikinta ta shinshini hayaƙi: in oksijin ya yi saura da yawa sai ta aika da wuta kaɗan, wajen bolt 0.1, alamar mai ya kasa. In babu saura sai ta aika da wajen 0.9, alamar mai ya yi yawa. Ƙwaƙwalwa kuwa tana ta ƙarawa da ragewa ba fasawa, tamkar mai awo a Kurmi da ke zuba hatsi yana kwashewa har ma'auni ya tsaya. Sensar ba ta magana sai ta kai zafin kimanin digiri 300, shi ya sa da asuba ƙwaƙwalwa take komawa ga jadawalin da masana'anta suka rubuta mata, haka ma sa'ad da aka murɗa totur har ƙarshe.

A nan ne ɓarna take shigowa, domin hannun da ya saba da juya ƙusa yana neman abin juyawa, bai samu ba. Wani sai ya zare wayar sensar, ko ya sa mata abin da zai yaudari ƙwaƙwalwa; ita kuwa idan ta rasa shaida sai ta ɗauki matakin ihtiyaɗi, wanda galibi ƙarin mai ne, sai ga mai neman sauƙi ya sayo tsada. Samari masu sauya salansa don ƙara, su cire matatar hayaƙi, sun canza numfashin inji ba tare da sun canza jadawalinsa ba. Gyaran jadawali na haƙiƙa akwai shi, amma da kwamfuta ake yi, da wata sensa mai faɗin awo da ke nuna adadin cakuɗar filla-filla, domin wadda ke jikin babur ba ta san komai ba sai "ya yi yawa" ko "ya kasa". Masu neman gudu sukan sauke awon daga 14.7 zuwa wajen 13, kuma wannan da kuɗin mai ake biyansa. A ganina, mai zirga-zirga tsakanin Gwauron Dutse da Kantin Kwari ba shi da hujjar taɓa abin da masana'anta suka tsara, balle ga maƙwabta a lungu mai dogayen katangu, inda hayaƙi ba ya samun mafita, kuma mai da bai ƙone sarai ba yana haifar da iskar guba marar wari.

Sau da yawa ma ana zargin sensa alhali tana da gaskiya. Salansa mai huji kafin mazauninta yana zuƙo iskar waje, sai ta ce mai ya kasa, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙari. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Injin da ke shan baƙin mai yana dasƙarar da toka a kanta, gam ɗin silikon da ake shafawa a gasket yana kashe ta, haka ma dalma, ko da yake ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun bar fetur mai dalma tun farkon 2006. Gurɓataccen mai, irin wanda aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022 mai yawan metanol, ko wanda wasu 'yan bumburutu ke gaurayawa, yana toshe nozil. Ɗabi'ar zuba mai kaɗan-kaɗan kuwa, wadda talauci ya koya mana, tana gajarta ran famfo, domin man da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi.

Saboda haka idan fitilar gargaɗi ta kama, kafin a kwance komai a fara karanta lambar matsalar, ko da na'urar bincike ko ta ƙirga ƙiftawar fitilar a baburan da ke da wannan tsari. Sannan a duba batir, da matatar iska, da fulogi, da ɗinkin salansa. In kuma walda za a yi wa babur, a cire kan batir tukuna, domin ƙwaƙwalwar da wuta ta ƙona ba kasafai take gyaruwa ba, sai dai a nemo wata a Ƙofar Ruwa, in an dace da samu.