Idan sun dawo Jos, wace kujera za su zauna?

Ranar 22 ga Yulin 2025 Birtaniya ta daina ɗaukar masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga ƙasashen waje, ta kuma ɗaga mafi ƙarancin albashin da ƙwararren ma'aikaci zai samu kafin a ba shi biza zuwa fam 41,700 a shekara. Kafin Afrilun 2024 fam 26,200 ne. Tun Janairun 2024 kuma aka hana yawancin ɗalibai tafiya da iyalansu. Duk mai ɗan'uwa a can ya san inda maganar ta dosa: wasu daga cikin mutanenmu za su dawo, ko sun shirya ko ba su shirya ba. Abin da ya dame ni shi ne, a Jos babu wanda ke tambayar aikin da za su kama idan sun sauke jaka a Kabong ko Tudun Wada ko Nasarawa Gwom. Ni dai a ganina garin bai tanadar musu komai ba, kuma rashin kuɗi shi ne ƙaramin dalili.

Maganar albashi ba ta buƙatar dogon bayani. Dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya yanke shawarar dawowa ya riga ya yi wannan lissafin ya haƙura. Abin da bai lissafa ba shi ne ko da ya yarda da ƙaramin albashin, babu ƙofar da zai shiga.

A ce ga wata 'yar Kabong da ta yi karatun jinya a nan, ta tafi Ingila, ta shekara goma sha biyar har ta zama shugabar sashe, tana riƙe da ma'aikata da kasafin kuɗi. Ta dawo gidan iyayenta kusa da Gada Biyu. Ina za ta kai takardunta? Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Filato, ko asibitin Jankwano. A biyun farko, waɗanda na gwamnati ne, manyan kujeru hawan tsani ne: mutum ya shiga tun yana matashi, yana samun ƙarin girma bayan 'yan shekaru, har ya kai matakin ƙarshe. Shekarun da ta yi a waje ba su cikin fayil ɗin kowa. Abin da za a ce mata shi ne, "Hajiya, ko Madam, a yi haƙuri, babu gurbi, kuma ko akwai sai daga ƙasa." Mace mai shekara arba'in da biyar ba za ta fara daga ƙasa ba.

Wannan ya fi tsanani a Jos saboda kusan duk manyan ayyukan da suka rage na gwamnati ne ko na mishan. Garin da kuza ta gina yana da kamfanoni a da: kamfanin haƙar kuza na Amalgamated, da masana'antar narkar da ita a Makeri, da kamfanin mulmula ƙarfe, da kamfanin giya na Jos. Yau idan ka cire NASCO da Grand Cereals, masana'antu nawa ne za su ɗauki babban manaja? Kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, kuma shekaru sama da ashirin ba a mayar da ita yadda take ba. Abin da ya saura shi ne Jami'ar Jos, da hedikwatar asusun horar da ma'aikata na ITF, da Cibiyar Nazarin Manufofi ta Kuru, da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Vom, da sakatariyar jiha, da hedikwatocin majami'un ECWA da COCIN. Kowannensu yana cike manyan kujerunsa daga cikin gida. Kamfani mai neman riba yana iya ɗauko baƙo ya ɗora shi a sama don ya iya aikin. Ma'aikatar gwamnati ba ta da wannan matsin, don ba ta asarar komai idan ta bar gwani ya wuce.

Sai takardu. Shaidar karatun waje sai an kai ta Ma'aikatar Ilimi a Abuja an tantance. Likitan da ya yi karatu a waje sai ya zauna jarrabawar Hukumar Likitoci. Takardar bautar ƙasa ma tarko ce: Kemi Adeosun, wadda aka haifa a Landan, ta sauka daga kujerar ministar kuɗi a Satumbar 2018 saboda ita, sai a 2021 kotu ta ce tun farko ba a wajabta mata hidimar ba. Amma wadda ta fi kowacce nauyi a nan ita ce takardar shaidar asali. Mutum zai zo da digiri uku a cikin jakar leda, akawu ya ajiye su gefe ya ce, "Ina ta ƙaramar hukuma?" A Jos ta Arewa wannan tambaya ta sha jini. Naɗin Aminu Mato a shugabancin riƙon ƙaramar hukumar ya jawo rikicin Afrilun 1994, kuma taƙaddamar naɗin Mukhtar Muhammad a shirin yaƙi da talauci tana cikin abin da ya share fagen rikicin Satumbar 2001. Tun daga nan kowace babbar kujera ta zama rabon ƙabila da addini kafin ta zama aiki. Bahaushen da aka haifi kakansa a Jos yana shan wahala kafin ya samu takardar, Ibo da Bayarabe haifaffun garin haka, shi ma ɗan asalin da ya samu tasa sai an duba ko juyin yankinsa ne. Wanda ya shekara ashirin a waje ba shi da ubangida a cikin wannan rabon.

Za a ce ai ga Ngozi Okonjo-Iweala da ta bar Bankin Duniya ta zama minista a 2003, ga Muhammad Ali Pate da ya fasa karɓar shugabancin ƙawancen rigakafi na Gavi a 2023 ya dawo. Gaskiya ne, amma shugaban ƙasa ne ya kira su da kansa. Wannan ita ce hanya ɗaya da ke buɗe a sama, naɗin siyasa, kuma ba ta ɗaukar mutum fiye da 'yan ƙalilan.

Waɗanda suka zauna suna da tasu hujjar, kuma ba zan ce ba ta da ƙarfi ba. Malamin jami'ar da ya jure yajin aikin wata takwas a 2022 ba albashi, da likitan da ya yi tiyata da hasken waya, suna cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi, don me wanda ya gudu zai dawo ya hau kansu? Akwai kuma masu dawowa da ke zuwa da girman kai da ƙwarewar da ba ta kai yadda suke faɗa ba. Na yarda. Sai dai gasa a fili ce ke tace irin waɗannan, kuma mai cancantar da ya zauna shi ma zai iya cin ta. Tsarin yanzu bai kare shi ba, wanda ya fi daɗewa ya kare.

Sakamakon a bayyane yake. Mai dawowa yakan kwana biyu a Jos ya wuce Abuja ko Legas, inda ƙungiyoyin agaji da bankuna da kamfanonin sadarwa suke. Wanda ya nace ya zauna sai ya buɗe kantin magani, ko makarantar kuɗi, ko gonar kaji da dankali, ko ya gina gidan haya a Rayfield. Halal ne, kuma yana ba matasa aiki, amma mai iya tafiyar da babban asibiti ya koma ƙirga kiret ɗin ƙwai. 'Yan Najeriya mazauna waje suna aiko da kusan dala biliyan 20 a shekara, muna karɓa hannu biyu. Iliminsu ne muka ƙi buɗe wa ƙofa. Hukumar kula da mazauna waje ta NiDCOM da Abike Dabiri-Erewa ke jagoranta tun 2019 ba ta da ikon ɗaukar kowa aiki a Filato, don haka kada a jira ta.

Abin da ke hannun Gwamna Caleb Mutfwang da hukumomin gudanarwar jami'a da asibitoci ba shi da tsada. A ware wasu manyan kujerun ƙwararru a fannin lafiya da ruwa da tara haraji da ma'adinai, a tallata su a jarida, a ba da su kwantiragin shekara uku zuwa biyar, na gida da na waje su shiga gasa, a ƙirga shekarun aikin waje, a kuma cire takardar asali daga sharuɗɗan waɗannan kujerun. Majalisar dokokin jiha za ta iya mayar da wannan doka ga hukumomin jiha a zama ɗaya na shekara, kuma ya kamata mutanen Jos su tambayi wakilansu dalilin da ya sa ba a yi ba.