Abin da hasken leza ke gani a cikin harshen wuta

Tun da shiga daji neman itace ya zama sayar da rai a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, masu hali suka koma girki da gas. Uwargida ta san idan wutar ta yi shuɗi tukunya kan sauka fes, idan ta yi ja sai gindinta ya yi baƙi ƙirin. Dalilin wannan bambanci ya cinye wa masana shekaru.

Wutar metan, iskar da aka tsara wa bututun AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kano, tana kusantar digiri 1,950 a ma'aunin salshiyos. Ka cusa ƙarfen awo a cikinta, ko dai ya lalace ko ya dagula abin da kake son aunawa. Shi ya sa a ɗakunan bincike irin na Sandia da ke Kalifoniya ake harba siririn hasken leza ya ratsa harshen wutar. Akan saita launinsa daidai da wanda wani sinadari, misali OH, ke sha. Sinadarin ya sha, ya mayar da ƙyalli, kyamara ta ɗauka, a ga inda yake da yawansa, alhali rayuwarsa ba ta kai ƙiftawar ido ba. Idan burbushin baƙin hayaƙi ake nema, lezar ce ke gasa shi har ya yi haske.

Awo irin wannan na cikin abin da aka gina jadawalin GRI-Mech 3.0 na 1999 a kansa: sinadarai 53 da matakai 325, duk a ƙonewar gas ɗaya. A makaranta kuwa layi guda ake rubuta mana a allo! Ɗaya daga matakan ƙarshe shi ne inda OH ke mayar da kabon monoksaid, gubar da ba ta da wari, zuwa kabon dayoksaid. Iska ta yi ƙaranci, aikin ya tsaya a hanya, gubar ta fito ɗaki.

Gas ɗin tukunyar girki furofen ne da butan, amma hukuncin ɗaya ne. Jar wuta asarar kuɗi ce, kuma haɗari ce. Uwargida, da kin ga ta sauya launi, ki kashe, ki bari kan murhun ya huce, ki goge ƙofofinsa. Kada kuma a kunna gas ko gawayi a rufaffen ɗaki, ko da sanyin hunturu ya matsa.