Asirin Akwatuna Takwas na DES

A watan Maris na 1975 hukumar ma'aunai ta Amurka, NBS, ta fito da tsarin da take son ma'aikatu da bankuna su riƙa kulle bayanan kwamfutarsu da shi. Kamfanin IBM ne ya gina shi a kan wani tsari na Horst Feistel mai suna Lucifer, kuma a 1977 aka tabbatar da shi da sunan DES. An baje komai a fili ban da abu guda. A cikin tsarin akwai jadawali takwas da ake kira akwatunan S, kowanne yana karɓar lambobi 6 na sifili da ɗaya, ya mayar da 4. An nuna lambobin da ke ciki, amma aka ƙi faɗin dalilin zaɓensu, kuma kowa ya san hukumar leƙen asiri ta NSA ta sa hannu a aikin.

Nan fa zargi ya tashi. Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford suka ce an gajarce makullin zuwa lambobi 56, ga akwatuna da ba a san asalinsu ba. Wa ya sani ko an bar wata ƙofar baya da NSA kaɗai ta san hanyarta? A 1978 kwamitin majalisar dattawa ya bincika, ya ce NSA ba ta yi wa tsarin maguɗi ba. Sai dai hujjojin na sirri ne, don haka masu shakka suka ci gaba da shakkarsu, kuma da gaskiyarsu.

Bakin zaren ya fito ne daga Isra'ila. A 1990 Eli Biham da Adi Shamir na Cibiyar Weizmann suka bayyana wata dabara: a ɗauki saƙonni biyu masu ɗan bambanci da aka sani, a kulle su, a duba yadda bambancin ya ratsa matakan kullewar zagaye bayan zagaye, daga nan a ƙiyasta makullin. Dabarar ta ragargaza tsare-tsare da dama, irin su FEAL na Japan. Da suka juya kan DES mai zagaye 16, sai ta cije, domin fasa shi na buƙatar zaɓaɓɓun saƙonni kusan tiriliyan 140. Abin mamakin shi ne, in suka ɗan taɓa akwatunan ko suka cika su da lambobi barkatai, galibi tsarin sai ya yi rauni. Ke nan wani ya tsara su ne don jure wa wani hari da jami'o'i ba su ma san da shi ba.

A 1994 Don Coppersmith, ɗaya daga cikin maƙeran DES, ya warware sauran. Ya rubuta cewa IBM ta san wannan dabara tun 1974, ta tsara akwatunan don su jure mata, aka kuma ja baki aka yi shiru don kada a koya wa duniya makamin.

Akwatunan sun fita daga zargi. Ƙorafin Diffie da Hellman kan gajeren makulli kuwa ya tabbata a 1998, lokacin da ƙungiyar EFF ta haɗa na'ura da kuɗin da bai kai dala 250,000 ba, ta yi ta gwada makullai ɗaya bayan ɗaya har ta dace cikin awa 56.