Turjiyar lantarki: Dalilin da ke sa ƙwai dushewa, waya ta ɗauki zafi

Duk wanda ya san lungunan cikin birnin Kano, daga Yakasai zuwa Mandawari, ya saba da ganin gidan da ke gindin taransifoma yana haske tar, alhali a ƙarshen lungu ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, fanka kuma tana juyawa da ƙyar. Wuta ɗaya aka kawo, amma ba ta isa kowa daidai ba. Babban abin da ke jawo haka shi ne turjiya, darasin da ɗaliban fiziks ke haɗuwa da shi a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, wanda kuma saninsa kan raba gida da gobara.

Mece ce turjiya?

Wutar lantarki kwarara ce ta wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektiron a cikin waya. Suna tafiya suna karo da ƙwayoyin ƙarfen da aka yi wayar da shi, wannan karo kuwa yana rage musu gudu, yana kuma zama zafi. Tirjewar da abu ke yi wa wannan kwarara ita ce turjiya.

Abubuwa uku ɗalibi zai riƙe. Na farko ƙarfin turi, wanda ake aunawa da bolt, alamarsa V. Na biyu yawan kwarara, ana auna shi da amfiya, alamarsa I. Na uku turjiya, ana auna ta da om, alamarta R. An ɗauko sunan om daga Bajamushen malamin nan Georg Ohm, wanda a 1827 ya wallafa dangantakar da ke tsakaninsu: V = I × R. Ma'ana, idan zafin waya bai sauya ba, ninka ƙarfin turi kan ninka kwarara, ƙaruwar turjiya kuma kan rage ta.

Wutar gidaje a Najeriya kusan bolt 230 ce. Idan dutsen guga yana da turjiyar om 46, to 230 a raba da 46, zai ja amfiya 5.

Abubuwa huɗu da ke sauya ta

A kwatanta waya da lungu ranar hawan Sallah, jama'a sun yi dafifi za su Ƙofar Kudu. Idan lungun dogo ne, wahalar ta fi yawa. Haka doguwar waya ta fi gajeriya turjiya. Idan matsattse ne, tafiya ba ta sauri. Haka siririyar waya ta fi mai kauri turjiya. Na uku shi ne irin ƙarfen: jan ƙarfe ya fi alminiyam sakin hanya, domin turjiyar alminiyam ta zarce tasa da kusan kashi 60 cikin 100 idan tsawo da kauri ɗaya ne. Roba da gilashi kuwa kusan ba sa barin komai ya wuce, shi ya sa ake naɗe waya da roba. Na huɗu shi ne zafi: turjiyar ƙarfe tana ƙaruwa idan ya yi zafi. Zaren tsohon ƙwan fitila, wanda kan haura digiri 2,000 idan yana ci, turjiyarsa a lokacin ta ninka ta sanyi fiye da sau goma.

Da wannan za a gane matsalar gidan ƙarshen lungu. A ce an ja masa wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5 daga nisan mita 100. Zuwa da dawowa mita 200 ke nan, turjiyarta kusan om 2.3. Idan gidan na jan amfiya 10, bolt 23 sun zube a hanya kafin wuta ta shiga zaure. Da an sa mai kaurin 4, turjiyar ba za ta kai om ɗaya ba, asarar kuma ba za ta kai bolt 9 ba.

Haɗin jere da haɗin gefe da gefe

Nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. A haɗin jere, hanya ɗaya ce tal, kamar tsohon gidan sarauta da sai an ratsa soro bayan soro kafin a kai tsakar gida. Ana tara turjiyoyin ne kawai: om 4 da om 6 sun zama om 10.

A haɗin gefe da gefe kuwa, abin kamar ƙofofin ganuwa ne. Idan Ƙofar Mata kaɗai ke buɗe, cunkoso zai yi yawa. Da an buɗe Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Wambai, sai shiga gari ta yi sauƙi. Saboda haka jimillar turjiya takan gaza mafi ƙanƙanta a cikinsu. Om 6 da om 3 a wannan haɗi om 2 suke bayarwa: a ninka su a samu 18, a raba da jimlarsu, wato 9.

Kayan wutar gida duk a wannan haɗi na biyu suke. Ƙara hita da firji da dutsen guga a soket ɗaya yana rage jimillar turjiya, sai kwararar da ke bi ta waya guda ta ƙaru.

Inda haɗarin yake

Baturen Ingila James Joule ya nuna cewa zafin da waya ke fitarwa shi ne I × I × R. Idan kwarara ta ninka sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. Siririyar wayar nan ta mita 200 tana zubar da wat 230 a matsayin zafi idan tana ɗauke da amfiya 10. Idan ta kai amfiya 20, wat 920 ne. Haɗin waya da aka murɗa da hannu ya yi sako-sako ya fi muni, domin turjiya da zafi duk a wuri ɗaya suke taruwa. A gida mai rufin azara ko rumfar kasuwa cike da yadi, musamman lokacin hunturu da komai ya bushe kuma ake yawan jona hita, wannan ya isa tayar da gobara. Aikin fis shi ne ya narke kafin a kai haka, don haka maye gurbinsa da waya mai kauri ganganci ne.

Jikin mutum ma yana da turjiya. Busasshiyar fata kan kai dubban om masu yawa, amma jiƙaƙƙiya kan sauka zuwa kusan om 1,000. A bolt 230, wannan na nufin kusan rubu'in amfiya zai ratsa jiki, alhali abin da bai kai haka ba ma yana iya tsayar da zuciya. Dalilin hana taɓa hita da jiƙaƙƙen hannu ke nan.

Wannan lissafi ne kuma ya sa ake kawo wuta tashar Kumbotso a bolt 330,000, a sauke ta zuwa 132,000 don tashoshi irin na Ɗan'agundi, a ci gaba da saukewa har ta kai 230 a gida. Idan ƙarfin turi ya yi sama, kwarara kaɗan ta isa ɗauko wuta mai yawa, asara a doguwar hanya sai ta ragu.

Turjiya ba abokiyar gaba ba ce, domin ita ke dafa ruwa a hita, ita ke gasa dutsen guga. Abin lura shi ne ta zauna inda ake buƙatar zafi, kada ta ɓuya a cikin bango. Ɗalibin da ya koma gida ya duba lambar wat da ke jikin dutsen gugarsu, ya raba ta da 230 ya gano amfiya nawa take ja, sannan ya tambayi kaurin wayar da ke ɗauke da ita, ya fahimci darasin fiye da wanda ya haddace shi kawai.