Rufe Gidan da Ruwa Ya Ci a Yagwa: Me Ke Sa Kuɗin Ya Hau?

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, mutanen Yagwa kan kwana ido biyu, suna sauraron hadari suna kuma sauraron kogi. Garin, wanda shi ne hedikwatar yankin Mayo-Danay a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, yana zaune ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kusa da kogin Logon, daura da Bongor ta ƙasar Cadi. Ambaliya ta yi wa yankin ɓarna a 2012, ta sake a 2022, sannan ta 2024 ta zo da ƙarfin da har yau ake zancensa. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 2024 ruwa ya shafi mutum sama da 400,000 a jihar, gidaje fiye da 50,000 kuma suka rushe ko suka lalace. A watan Satumba ma gadar da ke kan rafin Danay a cikin Yagwa ta karye, wasu unguwanni suka rabu da tsakiyar gari.

Idan ana lissafin asara, gonaki da dabbobi da kuɗin sake gini ake ambata. Amma tsakanin faɗuwar bango da sake ɗaga shi akwai wani aiki da ba kasafai yake shiga lissafi ba, shi ne rufin gaggawa: a ja tamfol a kan ɗakin da iska ta yaye, a tokare bangon da ya tsage, a buga kwano ko katako a bakin ƙofar da ta ɓalle, a kewaye gida da zana inda katanga ta zube. Maƙwabta biyu kan yi wannan aiki a mako guda, ɗaya ya kashe ninkin abin da ɗayan ya kashe. Dalilan suna da yawa, amma yawancinsu suna komawa ga abu uku: lokaci, hanya da ruwa.

Abin da ake tsere da shi

Duk milimita guda ta ruwan sama da ta sauka a kan murabba'in mita guda, lita guda ce. Ɗaki mai mita 4 a tsawo da mita 4 a faɗi, idan ba rufi kuma aka yi ruwa mai milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, zai sha lita 800 a dare guda, wato cikin duro huɗu. Wannan ruwa kan sauka a kan buhunan dawa da shinkafa da katifu, sannan ya jiƙa bango daga ciki.

Ginin ƙasa kuwa ƙarfinsa yana cikin bushewarsa. Da zarar danshi ya ratsa tubali, ƙwayoyin ƙasar da ke riƙe da juna sai su saki. Ƙasa tana tsotsar ruwa daga ƙasa zuwa sama, shi ya sa bangon da ruwa ya kwanta a gindinsa yake ruɓewa daga tushe ya zube, ko da samansa a bushe yake. A yankin Yagwa akwai ƙarin matsala: baƙar laka da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa a kanta, tana kumbura da damina tana tsattsagewa da rani. Ginin da ke kanta, na bulo ne ko na ƙasa, yakan motsa tare da ita, ya tsage.

Iska ma tana da nata hukuncin. Idan gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfin turinta kan ninka sau huɗu. Idan ta sami ƙofa ko taga a buɗe, sai ta shiga ta riƙa tura rufi daga ciki, ta waje kuma tana tsotsarsa sama. Saboda haka toshe ƙofar da ta ɓalle ba don ɓarawo da akuya kaɗai ba ne, don tsirar da sauran rufin ne. Ɓarnar da tamfol guda zai tsayar yau, bayan kwana uku tana iya zama ta ɗaki sukutum. Masu sayarwa da masu aiki sun san haka, kuma mai gaggawa ba ya da bakin ciniki.

Girman ɓarna da irin gini

Tambayar farko da kafinta zai yi ita ce, "Maigida, katakon ya tafi ko yana nan?" Idan kwano kaɗai iska ta ɗauka, ƙashin rufin yana tsaye, aikin guduma ne da ƙusa. Idan ta tafi da katakon, har ta fizgi kan bangon da aka ɗaure shi a jiki, to sai an nemo magini kafin kafinta ya hau. Tamfol ɗin da ƙungiyoyin agaji ke rabawa yawanci mita 4 ne da mita 6. A ido ya isa ɗaki guda, amma da yake dole a bar leɓe ya sauko ya rufe kan bango, a kuma yi masa gangare, ɗaki mai ɗan faɗi sai ya ci biyu. Wanda ya shimfiɗa shi ba gangare ya yi wa ruwa kwano. Nauyin ruwan da zai taru zai yage shi ko ya karya abin da ke ƙarƙashinsa.

Irin ginin ma yana da tasiri. Bukkar ciyawa irin ta ƙauyukan Masa da Tupuri ana iya gyara ta da abin da ke kusa. Ɗakin ƙasa mai azara yana buƙatar tokara mai ƙarfi, domin rufinsa nauyi gare shi idan ya sha ruwa. Gidan bulo mai silin da wayoyin lantarki kuwa sai an kira mai gyaran wuta tukuna. Shago ya fi gida tsada, saboda abin da ke cikinsa dukiya ce da ido ke kai, ba zana ake sa masa ba, sai ƙofar ƙarfe ko kwano mai kauri da kwado.

Kayan gida da kayan nesa

Zana, igiya, itace da laka na gida ne, amma ambaliyar da ta rusa gida ita ce take shanye fadamar da ake yankan ciyawa. A tsakiyar damina sabuwar ciyawa ba ta nuna ba, tsohuwar zana kuma ta yi ƙaranci. Tubali ba ya bushewa sai ruwa ya ɗauke. Azara daga giginya take, giginya kuma tana raguwa, jami'an gandun daji suna sa ido a kan saranta.

Sauran kaya baƙi ne. Katako daga dazuzzukan kudu da gabashin Kamaru yake fitowa. Kwanon alminiyom daga masana'antun kudu yake zuwa, irin na Edeya da Duwala. Layin dogo a Ngaundare ya tsaya, daga nan sai manyan motoci su bi babbar hanyar arewa ta Garwa, kafin a ratse zuwa Yagwa, wadda ke da nisan kimanin kilomita 200 daga Marwa. Siminti ne kaɗai ke da ɗan kusanci, tunda ana yin sa a Figil. Kowane sauke da lodi, kowane shingen hanya, yana ƙara wani abu a kan bandir ɗin kwano kafin ya iso hannun mai saye.

Akwai kuma bambancin inganci. Kwano yana da kauri iri-iri, mafi siranta ya fi araha, shi ne kuma iska ke fara naɗewa. Baƙar leda ta fi tamfol sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, amma zafin ranar Arewa Mai Nisa kan busar da ita ta farfashe cikin ɗan lokaci. Araha ba ta ado: wanda ya sayi leda sau uku a damina guda ya biya kuɗin tamfol bai samu ba.

Hanya da mai

A watan Fabrairun 2023 gwamnatin Kamaru ta ɗaga farashin litar fetur daga sefa 630 zuwa 730, man gas kuma daga 575 zuwa 720. A Fabrairun 2024 aka sake ɗagawa, fetur ya koma 840, gas 828. A tsakani, Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sai man bumburutu da ake kira zuwa-zuwa, wanda masu babura a arewacin Kamaru suka daɗe suna dogaro da shi, shi ma ya tashi. Duk abin da ake ɗorawa a mota ya ji wannan ƙari.

Amma tsadar da ta fi ciwo tana cikin zangon ƙarshe. Da rani, mai kura ko mai babur mai ƙafa uku zai kai kwano har ƙofar gida. Idan hanya ta yanke, kayan nan sai an sauke su a bakin ruwa, a ɗora a kwale-kwale, a sake saukewa, sannan a ɗauka a ka. Kowane mataki da ladansa. Lokacin da gadar Danay ta karye a 2024, mutanen tsallaken rafi da jirgin ruwa suka koma shiga gari. Sabuwar gadar da ta haɗa Yagwa da Bongor, mai tsawon mita 620, wadda aka buɗe a watan Afrilun 2025, ta sauƙaƙa zirga-zirga tsakanin kasuwannin biyu. Sai dai idan Logon ya cika, gaɓa biyun yake ci, masu neman tamfol su ƙaru ta kowane ɓangare.

Kuɗin hannu

"Kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban," in ji masu sana'a. Yawan kafintoci da magina a gari ba ya ƙaruwa don an yi ambaliya, amma masu nemansu kan ninka a dare guda. Shi kansa kafintan wataƙila gidansa a cikin ruwa yake. Ga shi kuma lokacin ya zo daidai da aikin gona: girbin jar dawa, dashen masakwa a watannin Satumba da Oktoba, da hidimar shinkafa a filayen SEMRY, kamfanin noman shinkafa na Yagwa da aka kafa a 1971. Leburan da za ka kira ya haɗa maka buhunan yashi yana da wani aikin da ke jiransa.

Haɗari ma yana da farashi. Hawa kan jiƙaƙƙen bango, aiki da daddare da tocila, ko shiga ruwan da macizai suka gudo cikinsa, ba a yin su a kuɗin yau da kullum. A nan ne aikin gayya ke nuna amfaninsa. Idan gida guda gobara ko iska ta taɓa, 'yan'uwa da maƙwabta kan taru su rufe shi kafin azahar, maigida ya ba da abinci da goro. Idan kuwa unguwa ce gaba ɗaya ta nutse, kowa ta kansa yake yi, dole a koma ga biya.

Kuɗin da ba a gani

Rufin gaggawa na kwanaki ake yin sa, amma yakan kai watanni. Ruwa ba ya saurin janyewa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba a kuma fara ginin ƙasa sai kaka ta yi nisa. A tsawon wannan lokaci akwai ladan mai gadi ga wanda ya bar kaya a gida ya koma matsugunin da hukuma ta tanada, akwai kuɗin haya ga wanda ya kama ɗaki a tudu, akwai man injin janye ruwa, akwai sauya igiya da katakon da gara ta ci. Wanda ya ci bashi ko ya sayar da akuya a lokacin da kowa ke sayarwa, ya biya tsada ta wata fuskar.

A ƙasashe irin su Amurka, kamfanonin inshora kan biya kuɗin toshe ƙofofi da tagogi bayan guguwa, gwamnati tana da shirin rufa wa gidaje shuɗin tamfol kyauta, jihohi da dama kuma, ciki har da Fulorida, suna da dokar hana tsawwala farashi a lokacin bala'i. A Yagwa, gidan ƙasa mai inshora abu ne mai wuyar samu. Ƙungiyar Red Cross da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kan raba tamfol, igiya, ƙusa da kayan aiki, gwamnati ma takan aiko da taimako, amma sai an yi rajista an tantance, ruwa kuwa ba ya jiran takarda. Kwanakin farko, waɗanda suka fi tsada, daga aljihun maigida suke fita.

Inda ake rage kuɗin

Babban rabo yana wuyan hukuma. Madatsar Maga mai tsawon kilomita 27, wadda aka gina a 1979, da shingen da ke bin gaɓar Logon, su ne garkuwar yankin. Bayan ambaliyar 2012, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 108 a 2013 don gyara su. Abin da ya faru a 2022 da 2024 ya nuna cewa gyara sau guda ba ya isa. Sai da kulawa ta kowace shekara, da magudanun ruwa a cikin gari, da hana gini a hanyar ruwa. Ya kamata kuma ƙananan hukumomin Mayo-Danay su ajiye tamfol da buhuna a rumbuna a tudu tun kafin damina, maimakon jiran motoci daga Yawunde bayan hanya ta yanke.

Magidanci ma yana da nasa. 'Yan ƙabilar Musgum na yankin Pus sun san wannan tun kaka da kakanni: dogayen ɗakunansu na laka suna da tudu-tudu a jiki, waɗanda ke karya gudun ruwa, kuma a kansu ake takawa a hau a sabunta yaɓe. Gyara cikin tsarin ginin yake. Haka ya kamata kowa ya ɗauki gidansa: a sabunta yaɓe a watan Afrilu ko Mayu, a ɗaga dakalin gindin bango, a ɗaure katakon rufi da waya a jikin gini, a gyara indararo, a ɗora hatsi da takardu a wuri mai tsawo. 'Yan adashi da ƙungiyoyin unguwa suna iya haɗa kuɗi su sayi tamfol da igiya da ƙusa da rani, lokacin da hanya take buɗe kuma mai shago ke neman ciniki.

Jama'ar Yagwa, Maga, Kai-Kai da sauran garuruwan bakin Logon, kada a bari sai hadari ya haɗo kafin a tambayi farashi. Kayan da za a rufe gida da su a watan Satumba, a saye su tun watan Maris.