Rana Ta Cika Gari, Ƙashi Na Ciwo a Ɗaki

Duk wanda ya san zafin Gwandu da Kalgo a watan Afrilu zai yi mamaki in aka ce masa akwai jikin da ke ƙishirwar rana a wannan ƙasa. Amma abin da awon jini ke nunawa ke nan, har ga manyan da ke ganin lafiyarsu ƙalau. Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2020, wanda ya tattara binciken ƙasashen Afirka da dama, ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin uku a nahiyar yana da ƙarancin bitamin D, kuma abin ya fi shafar mata da mazauna birane.

Allah Maɗaukaki Ya sanya fatarmu ce ke samar da mafi yawan wannan sinadari idan rana ta taɓa ta, shi kuma yake taimakon hanji wajen tsotse kalsiyam, wanda da shi ake gina ƙashi. Baƙar fata ta fi fara buƙatar daɗewa a rana, kuma hasken da ya ratso ta gilashin taga ba ya wannan aiki. Idan ya yi ƙaranci sosai, sai ƙashi ya yi taushi: ciwon baya da ƙugu, nauyin cinyoyi, wahalar miƙewa daga zaman tahiya. A gidajenmu da yawa sunan wannan "sanyi", in ya daɗe kuma a fara zargin sammu, a ɗora wa kishiya ko maƙwabciya laifin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Mummunan zato zunubi ne, ga shi kuma ciwon yana nan.

Akwai masu gaggawar ɗora laifin a kan hijabi. Ba mu yarda ba. Iyayenmu mata sun yi kulle, amma a tsakar gida suke wuni: daka, wanki, shanya, girki, hannuwa da ƙafafu a buɗe, babu idon ajnabi. Abin da ya sauya shi ne gini. Yau ana rufe fili kaf da kwano da siminti, ɗakin girki a ciki, banɗaki a ciki, har mace ta yi mako rana ba ta taɓa ta ba. Maigidan ma, in ma'aikaci ne, daga mota sai ofis. Magidancin da ke shirin gini ya bar wa iyalinsa sarari mai katanga wanda sama ke buɗe, domin yana cikin kyautata zama da aka umurce shi da shi. Minti 20 zuwa 30 daga hantsi, sau da yawa a mako, yana da amfani. Ranar sassafe ba ta da ƙarfin wannan aiki.

Ba baƙon zance ba ne a Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke cikin garin, ya rubuta Masalihul Insan, littafin da tun daga sunansa ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Bukhari kuma ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya tunatar da Abdullahi ɗan Amr haƙƙin da jikinsa ke da shi a kansa.

Awon bitamin D ba ya cikin gwaje-gwajen da aka saba yi, irin na hawan jini da suga, kuma yana da tsada. Don haka wanda ya je asibitin jiha da ke Kalgo ko na tarayya a Birnin Kebbi ya bayyana wa likita ciwon ƙashin, da yawan zamansa a ɗaki, musamman mai ciki, mai shayarwa da tsoho. Ƙasa da nanogiram 20 a mililita ɗaya na jini shi ake ƙirgawa ƙaranci. Kada a sayi ƙwayoyi masu ƙarfi a kemis ba da umurnin likita ba, domin yawansu na iya cutar da ƙoda.

Kifi mai maiƙo, gwaiduwar ƙwai da hanta suna ƙarawa, ko da yake kaɗan ne. Kuma bitamin ɗin ba ya gina ƙashi shi kaɗai: binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa lanƙwasar ƙafafun yaran da aka duba ta fi alaƙa da ƙarancin kalsiyam a abinci. Nonon da ake dama fura da shi yana cike da kalsiyam, haka ma ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu.